Talabijin inci 32 ko monita inci 24, amsa ga ɗan'uwa mai shagon taifin

Salamu alaikum. Malam na ga tambayar da ka yi, ka ce kana yi ma ɗaliban Jami'ar Danfodiyo taifin na furojet da laftof inci 14, idonka na ciwo aiki kuma ba ya sauri, shin talabijin inci 32 za ka jona mata ko monita inci 24. Duka biyun na yi aiki da su a shagona nan Mabera.

Talabijin na fara jonawa don ina ganin girma shi ne komai. Ashe da yawan masu inci 32 ɗin nan 1366x768 ne yawan ɗigon hotonsu, daidai da abin da tsohuwar laftof ke nunawa, wato layukan Excel ashirin da wani abu da kake gani su ɗin dai za ka gani, sun kumbura kawai, haruffa duk sun yi hazo-hazo, kuma da yake a gaban hancinka take sai ka yini kana juya wuya kamar mai kallon ƙwallo, kafin La'asar ƙeyata ta riƙe. Don kallo daga nesa anka yi ta.

Monita inci 24 galibi 1920x1080 ce, ɗigon hoton ya kusa ninka na waccan. A nan aiki yake sauri wallahi. Ka danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Extend, allonka ya zama biyu, hoton rubutun hannu da ɗalibi ya turo ta WhatsApp yana kan laftof, Word na kan monita, kana kallo kana bugawa ba buɗe wannan rufe wancan. Ni tun da na koma haka kurakuren tsallake layi sunka ragu sosai, kai ka san ɗacin sake firintin shafi 60 saboda sakin layi ɗaya ya ɓace.

Wuta ma monita ta fi sauƙi, LED ɗin ba ta cika wuce wat 30 ba, ƙaramar sola na ɗaukarta.

Amma ka kula da zama, wanga shi mutane ke rainawa. Saman allon ya zo daidai idonka, nisa kamar tsawon hannunka. Laftof ɗin ka ɗora ta bisa rim ɗin takarda biyu ka sayi kibod da maus na waje. Kar ka ba ƙofar shago baya, ranar Sakkwato in ta doki gilashin ba abin da za ka gani, ka sa hasken ya zo ta gefe, lokacin hunturu kuma ka rufe ta da ƙyalle in ka tashi saboda ƙura.

In monita ta hannu za ka saya ka tafi da laftof ɗinka da wayar HDMI da ake jona su da ita, wasu tsofaffin VGA, wato tsohuwar kafar jonawa, kaɗai gare su, ka buɗe farin shafi a gaban mai kaya ka duba ko akwai layi ko tabo kafin ka biya.