Fiyano, Samfula Ko Kwamfuta: Wanne Zai Riƙe Maka Muryar Kalangu?

Duk mai haɗa kiɗa a Katsina, ko a ɗan sitidiyon shago yake a Ƙofar Ƙaura ko a cikin zauren gidansu, wata rana sai mawaƙi ya ce masa kalangun da ke cikin fiyano bai yi masa ba, na gaske yake so. Daga nan ake fara neman abin da zai ɗauki bugun makaɗi ya ajiye, a riƙa kiransa da yatsa duk lokacin da aka so. Hanyoyi uku ne: fiyano, akwatin samfula da kwamfuta, kuma kowace da irin kuɗin da take ci.

Yawancinmu da fiyanon Yamaha PSR muka tashi, shi ya sa zuciya ke fara karkata can. Amma ba kowace ce ke karɓar sautin da ka ɗauko da kanka ba. Masu karɓa, sai ka shirya shi a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager, ka zuba a filashi, sannan ka loda. Kafin ka biya, tambayi girman ma'ajiyarta: PSR-S670 megabait 32 gare ta, SX600 100, SX700 400, SX900 kuwa gigabait 1. Minti ɗaya na sautin WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba) irin na faifan CD yana cin kusan megabait 10, ka ga ke nan S670 ba za ta ɗauki abin da ya wuce minti uku da 'yan kai ba. Ya isa bugun ganga gajeru, amma dogon busan algaita zai cika ta nan da nan. Ga mai zuwa gidan biki ko taron siyasa, fiyano ba ta da na biyu, domin ba ka bukatar jan kwamfuta.

Akwatunan samfula, wato na'urorin da ke ɗaukar guntun sauti su ajiye a riƙa bugawa da maɓalli, irin Roland SP-404 MKII ta 2021 da Akai MPC One ta 2020 kayan kirki ne, SP-404 ma tana aiki da batir. Sai dai in ƙurar hunturu ta kashe maka maɓalli ɗaya, neman kayan gyara zai kai ka Legas ko waje. Ba zan ba mai farawa shawarar ya fara da su ba.

Ni dai in kuɗin bai da yawa, kwamfuta zan ce. Laftof na hannu ya isa, kuma a allonta kana ganin sautin da idonka, ka san inda za ka yanka. In manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio za ka saya, kar ka tsaya a samfurin Fruity, ba ya ɗaukar sauti daga makirfo; samfurin Producer ne ke zuwa da Edison na gyara da Slicex na yanka. Reaper, wata manhajar haɗa kiɗa, dala 60 ne, da gwajin kwana 60, kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta. Audacity kyauta ne, ya isa yanka da gogewa. A manhajojin samfula, Kontakt Player shi ma kyauta ne, amma ba zai bar ka ka gina naka kayan kiɗan ba, TX16Wx kuwa zai bar ka ba tare da ko sisi ba.

Abin da na fi so a ji shi ne wannan: kyawun sauti tun a wurin ɗauka ake samunsa ko a rasa shi. Kar lambar 192 kHz da ke jikin kwalin katin sauti, wato na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, ta ruɗe ka. Kunnen mutum iyakarsa wajen 20 kHz, ninki biyun wannan kuma ake bukata wajen ɗauka, don haka 44.1 ta wadatar, ko 48 in aikin fim ne. Lambar da za ka duba ita ce ta bit, mai nuna tazarar da katin zai iya ɗauka tsakanin sauti mai taushi da mai ƙarfi. Bugun kalangu farat ɗaya yake zuwa, in ya wuce ƙima ya fashe, babu manhajar da za ta ɗinke shi. Da 24-bit kana iya rage ƙarar ɗauka sosai ba tare da sautin ya lalace ba. A katunan sauti, Behringer UMC22 a 16-bit ta tsaya. Ƙara kaɗan ka ɗauki UMC202HD, ko Focusrite Scarlett in aljihu ya yarda. Makirfo irin Shure SM57 yana jure ganga, amma jabunsa ya cika kasuwa, sai an yi hattara.

Sannan kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, wani lokacin a cikin bugu guda. In ka ɗauki bugu ɗaya ka shimfiɗa shi a kan maɓallan fiyano duka, na sama zai tsuke, na ƙasa ya yi lis, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah zai gane. Ka sa makaɗin ya ba ka ƙasa, tsakiya da sama daban-daban, mai ƙarfi da mai taushi, da waɗanda ke zamewa, kowanne sau da yawa. Ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma gaya masa abin da za ka yi da su, domin hannunsa ne zai riƙa fita a waƙoƙin da bai san an yi ba.

Wajen gyara, yanka daidai inda zanen sautin da ke allo ya ratsa layin tsakiya, in ba haka ba za ka ji ɗan "ƙas" a farkon kowane bugu. Kar ka datse wutsiyar, bar ta ta mutu da kanta. Manhajar cire hayaniya kuma in ka matsa mata, da amon fatar za ta tafi. Gara ka kashe janareto da fanka, ka zare caja, ka ɗauka da batirin laftof. Ka ajiye komai a WAV. MP3 ya riga ya zubar da wani ɓangare na sautin, haka ma saƙon murya na WhatsApp, saboda haka in daga Daura za a turo maka, a turo shi a matsayin fayil.

Ranar sayen katin sauti ka tafi da laftof ɗinka da hedifon da ka saba da shi. Ka jona katin, ka ɗauki shiru na rabin minti, ka ƙara murya ka saurara. In ka ji tsuwa ko gurnani, a canza waya a sake gwadawa. In bai daina ba, ka nemi wani.