Man Sandal Na Haɗa Humra: Wanne Za Ki Saya?

Ba duk kwalbar da aka rubuta wa sandal ba ce itace ya shiga cikinta. Kala uku ne ke yawo.

Akwai na asali, wanda ake tatsa daga zuciyar bishiyar sandal ta Indiya, irin ta Maisur. Ba a cika sare bishiyar ba sai ta kai shekara 15 ko fiye, shi ya sa kuɗinsa ke tayar da hankali. Akwai kuma na sinadari zalla irin su Sandalore, ga araha, amma ni ƙamshinsa ya yi mini kaifi.

Wanda na fi so shi ne na ƙwayoyin bakteriya. Abin da ke ba wa sandal ƙamshinsa sinadari ne mai suna santalol. Masana suka ɗauko ƙwayar gadon da ke sa tsiro ya ƙera shi, suka dasa a cikin wata bakteriya, Rhodobacter, sai a ciyar da ita sukarin masara a manyan tankuna tana fitar da man. Kamfanin Isobionics na Holan, wanda BASF, kamfanin sinadarai na Jamus, ya saya a 2019, ya fito da nasa a 2020. Ba a sare bishiya, ba a jiran damina, kuma kwalbar bana da ta baɗi ƙamshinsu ɗaya. Duk wadda kwastoma ta taɓa dawo mata da humra tana cewa “Hajiya, wannan ba irin na wancan karon ba ne” ta san darajar wannan. Bai kai na Maisur zurfi ba, amma yana kama tufafi.

Sai dai ki yi hattara. An taɓa sayar mini da “sandal ɗan Indiya” wanda aka tsinka shi da wani mai. Ya bar mini maiƙo a mayafin amarya. Wasu man amiris, wata bishiya daban mai ƙamshi kusa da na sandal, suke ɗurawa, wasu su surka da man zurman. Ki ɗiga a farar takarda ki ajiye: in bayan kwanaki ƙamshi ya tafi ya bar tabon maiƙo, an yi surki. Ki kuma nemi takardar gwaji. Ma'aunin ISO, hukumar ƙa'idojin ingancin kaya ta duniya, ya ce alfa-santalol, wato babban nau'in santalol, na ɗan Indiya ya kasance kashi 41 zuwa 55 cikin ɗari. Mai shagon da ya ce miki “rantsuwata ta isa”, ki ja jakarki.