Sharhi kan fitilar LED mai wat 165 a ƙaramin akwatin murjani

Fitilar da masu kiwon murjani (halittar teku da ake rayarwa a akwatin gilashi mai ruwan gishiri) ke kira baƙin akwati tana cikin mafi araha daga waɗanda za su iya rayar da murjani da gaske. Daga China ake ƙera ta, ana sayar da ita da sunaye iri-iri amma ƙirar ɗaya ce: ƙwayoyin LED 55, layi biyu na haske, shuɗi da fari (da 'yan ƙwayoyi ja da kore a cikinsu), da fanka biyu a bayanta. Wat 165 ɗin da aka rubuta a kwali lissafin ƙwaya 55 ne sau wat 3. Abin da take ja daga lantarki bai kai haka ba. Hukuncina bayan amfani da ita a kan akwatin lita 75: kuɗinta ya halatta, amma ƙarfinta ya fi ƙaramin akwati, kuma wanda bai rage mata haske ba zai kashe murjaninsa cikin makonni.

Dalili kuwa yana cikin yadda murjani ke cin abinci. A jikinsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, su ke sarrafa haske su ciyar da shi, kuma hasken da suka fi amfani da shi shi ne shuɗi, wajen nanomita 440 zuwa 460 a ma'aunin launin haske. Shi ya sa fitilar akwatin kifin ruwan daɗi ba ta aiki a nan komai haskenta ga ido. Idan haske ya yi yawa farat ɗaya, murjani kan fitar da waɗannan halittu ya yi fari fat, daga nan sai yunwa. Ma'aunin da ake duba ƙarfin hasken da ke isa ga murjani da shi sunansa PAR. Murjani mai laushi irin su Zoanthus da masu kama da laimar kwaɗi suna wadatuwa da 50 zuwa 100. Masu manyan baki irin su Euphyllia, 75 zuwa 150. Masu rassa irin su Acropora suna son 200 zuwa 350. Wannan fitila, idan an ƙure ta a kan ruwa mai zurfin santimita 30, tana wuce duka waɗannan a tsakiya.

Ga yadda take zama lafiya. A rataye ta santimita 35 zuwa 40 sama da ruwa. A fara da shuɗi a kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, fari kuma a mafi ƙarancin abin da maɓallin ya yarda, kada ya wuce 10. Shuɗi ya yi awa 10 a rana, fari awa 6 a tsakiyar wannan lokaci. Ƙari kuma kashi 5 kawai a mako, ana lura da murjanin: in ya ƙi buɗewa ko launinsa ya fara kodewa, a koma baya. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana miƙewa sama, haske ya yi masa kaɗan. Wanda ya samu aron na'urar auna PAR, kamar Apogee MQ-510, ko na wuni ɗaya ne, ya huta da canki-canki.

Babban aibinta gilasan da ke kan ƙwayoyin ne. Suna tattara haske wuri guda, sai tsakiya ta ƙone gefe kuma ya yi duhu, a kan yashi kuma ka ga ɗigon ja da kore suna rawa daban-daban. Maganin da ya fi sauƙi: a zare ta daga wuta, a kwance kusoshin murfi, a cire gilasan, a mayar da farantin kariya. Ƙarfin tsakiya zai ragu, hasken ya bazu, launuka su gauraya. Jan ƙwaya da farin haske mai yawa suna kuma taimaka wa gansakuka ta yaɗu a gilashi da duwatsu, musamman a sabon akwati.

Fanka na da ƙara, ba za ta yi daɗi a ɗakin kwana ba. Tana zuƙar iska mai gishiri, don haka a goge ta duk wata. A inda ake hunturu mai ƙura, duk mako biyu. A duba agogonta bayan kowace ɗaukewar wuta, domin wasu samfuran kan manta saitinsu. Ruwan kuma ya tsaya a digiri 25 zuwa 26; da bazara zafin ɗaki zai fi fitilar wahalar da kai.

In akwatin bai kai lita 40 ba, kada a saye ta. Fitilar Kessil A80 mai wat 15, marar fanka, ta ishi murjani mai laushi a irin wannan girma. Mai son saita haske ta waya ya riƙa ƙaruwa da raguwa kamar fitowar rana da faɗuwarta sai ya dubi fitilar AI Prime 16HD, amma ya shirya biyan ninkin kuɗin baƙin akwati ko fiye. Daga lita 60 zuwa 150, da kuɗi kaɗan a hannu, baƙin akwati da aka cire wa gilasai aka riƙe ƙasa da rabin ƙarfinsa zai rayar da kusan duk murjanin da mai farawa zai saka.