Wane irin karas za ka saya don lambun gida?

Karas ba ya son dashe. Tumatir da tattasai ana rainonsu a wani wuri a mayar, amma karas in ka tumɓuke shi ka dasa, saiwar ta karkace ko ta rabu biyu. Inda ka yafa shi nan zai girma, don haka cinikin duka yana ga irin da ka ɗauka a shago. Kuma yana jinkirin fita, kwana 10 zuwa sati uku. In irin ya ƙi, kafin ka tabbatar hunturun da kake taƙama da shi ya yi nisa.

Yawancin irin da ke shagunan kayan noma a Kano, Zariya da Jos daga waje ake shigo da shi, domin karas sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, a shekararsa ta biyu. Sunayen da za ka gani a jikin gwangwani ko fakiti su ne Kuroda, Nantes, Chantenay, wani lokaci da Imperator.

Ni dai New Kuroda nake saya, kuma shi nake cewa kowa ya fara da shi. Asalinsa daga Japan ne, kuma abin da ya ɗaga shi juriyar zafi. A nan muna shuka ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, to wanda ya makara zuwa Disamba zai ci karo da zafin Maris karas ɗinsa yana cikin ƙasa. Kuroda yana jure wannan. Kafaɗarsa faffaɗa ce, tsawonsa kamar santimita 15 zuwa 18, bakinsa dunƙule, launinsa ja-ja har cikin zuciya. Ganyensa ma da ƙarfi, ka kama ka ja ya fito gaba ɗaya, ba ganye a hannu saiwa a ƙasa ba, kuma wanda ya taɓa tonon karas da wuƙa a busasshen fangali ya san darajar wannan. Yana da ɗan juriya ga ciwon da ke ƙona ganye. Aibinsa guda, sai ka jira wata uku zuwa uku da rabi. A jira mana.

Nantes, mai sunan wani birni a Faransa, ya fi zaƙi da ƙaras-ƙaras, kuma yana riga Kuroda nuna. Sai dai ɗan gata ne: yana son ƙasa mai laushi da sanyi, ganyensa rauni, in ban ruwa ya yi gardama sai ya tsage. Mutumin Jos ya saya, na Sakkwato ya yi tunani. Irin da ake kira Touchon ma daga gidan Nantes yake. Chantenay gajere ne kakkaura, shi ya dace da ƙasar laka ko shukar buhu da bokiti, amma in ya daɗe zuciyarsa ta yi itace. Imperator, zara-zaran nan na manyan kantunan Amurka, a bar wa masu zuzzurfar jigawa. Masu alamar F1 kuwa, wato irin da aka samar ta hanyar aurar da iri biyu, don mai noman kasuwa aka yi su, wanda ke son karas ya fito kai ɗaya, tsadarsu ba ta da amfani ga fangali biyu a bayan ɗaki.

Amma fa sunan da ke jikin gwangwani ba shi ne abin da ke ciki ba, kuma nan ake cutar mutane. An taɓa sayar mini da gwangwani mai sheƙi, da hoton karas da komai, ƙasa ta gyaru, ruwa bai yanke ba, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Da na koma, mai shagon ya ce wai tsuntsu ne ya cinye. Tun daga nan ranar da aka zuba iri nake fara dubawa kafin sunansa. Irin karas bai wuce shekara uku yana da ƙarfi, shi ma in an ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa. Wanda ya yi bazara biyu a shago mai rufin kwano ya riga ya mutu.

Ka duba ko an manna wata takarda a kan kwanan watan. Ka duba bakin gwangwanin, ko an buɗe an sake liƙewa, domin akwai masu tara gwangwanayen kamfanoni na gaske su cika da tsohon iri. Tsatsa a gindi alama ce ta daɗewa. Wanda ake ƙullawa a leda ana aunawa da cokali, ba suna ba kwanan wata, ko kyauta aka ba ka kada ka ba shi fangalinka mai kyau, sau da yawa sabo kaɗan ake gaurayawa da tsoho. In fakitin yana da tambarin SEEDCODEX na hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, kankare shi ka tura lambar da ke ƙarƙashi ta waya don tabbatar da irin na gaske ne, tun kana tsaye a shagon. Ka murza 'yan ƙwayoyi a yatsa ka shinshina, sabon iri yana ƙamshin karas.

Kada kuma a tura maka babban gwangwani. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 700 zuwa 1,000, fakitin giram 5 ya ishi gida har da maƙwabta. Ka saya tun Satumba, ka ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa masa ruwa. Bayan sati biyu in waɗanda suka tsiro ba su kai rabi ba, mayar wa mai shago kayansa, ka tafi da tsumman a hannu.