Hidimar sake fasalin littafin yara mai hotuna idan an riga ka buga irinsa

Akwai editoci masu zaman kansu da ke karɓar rubutun littafin yara mai hotuna ta intanet, su nazarce shi, su mayar wa marubuci da rahoto. Wadda na yi hulɗa da ita ta ware wani sashe na aikinta domin marubutan da suka gama rubutu sannan suka tarar wani ya riga su fitar da irin labarin, kuma na same shi da amfani ƙwarai, ko da yake bai rasa giɓi ba.

Labarin da na aika mata na wani yaro ne da ake shirin yi wa ƙanwa, kishi ya kama shi, daga bisani ya haƙura. Littattafai masu wannan jigo ba sa ƙirguwa. Abin da ta fara fayyacewa shi ne dokar haƙƙin mallaka ba ta kare jigo, yadda aka bayyana shi take karewa, wato kalmomi da zane, kamar yadda sashe na 9 na yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, ya tanada. Ashe babban cikas yana wajen kamfanin buga littattafai, wanda ba zai zuba kuɗinsa a kan abin da masu saye suka riga suka gani a kanta ba.

Inda aikin nata ya fi burge ni shi ne yadda ta bi da ni shafi bayan shafi. Galibin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda ana buga su a faffaɗar takarda da ake naɗewa ta ba da shafi 8 ko 16, kuma idan aka cire shafin take da na bayanan ɗab'i, abin da ke saura wa labari bai wuce buɗi 14 ba (buɗi shi ne shafi biyu masu fuskantar juna), kalmomin kuwa an fi so kada su zarce 500. Ta sa na jera abin da ke faruwa a kowane buɗi na littattafan da suka fi kama da nawa, na ajiye nawa a gefensu. Nan take ta bayyana cewa sauya sunan yaro ko mayar da shi ɗan zomo ba zai tsinana komai ba, tun da duk a wuri ɗaya muke sa fushi, a wuri ɗaya muke sa sulhu.

Shawararta ita ce a bar maganar kishi baki ɗaya, a gina labarin a kan kayan da ake kwashewa daga ɗakin yaron domin a samar wa jaririya wuri, kowane buɗi abu guda ya fita. A buɗin da aka janye gadonsa, rubutun jimla ɗaya ce tak, yaron yana cewa shi bai damu ba, alhali zanen zai nuna shi rungume da matashinsa a bayan ƙofa. Yaron da ake karanta wa littafin shi zai gano gaskiyar da idonsa, kuma wannan saɓani tsakanin magana da hoto shi ne gishirin irin wannan rubutu.

Giɓin kuwa, bincikenta na littattafan da suka gabata ya tsaya ne a kan na Ingilishi kaɗai, abin da bai wadatar ba ga mai rubutu da wani harshe. Haka kuma ta goge kusan duk bayanan da na rubuta wa mai zane, bisa hujjar cewa kamfani ne ke zaɓen mai zane kuma ba a son a ɗaure masa hannu. Hujjar gaskiya ce, sai dai ba ta shafi wanda zai buga littafinsa da kansa ba, kuma ya kamata a ce ta tambaya tukuna. Ta kuma faɗa tun farko cewa ita ba lauya ba ce, don haka wanda jimlolinsa ko zanensa suka yi kusa da na wani littafi sai ya nemi masanin doka kafin ya kai wa maɗaba'a.