Gidan tarihin Kanta na Argungu, inda kakana ya fara kai ni

Jama'a duk wanda ya shigo Argungu ya tsaya bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, ya ɗauki hoto ya juya, wallahi rabin garin ya gani. Ku daure ku leƙa gidan tarihin Kanta, nan yake kusa da babbar kasuwa, ko ɗan acaba ka ce ma gidan Kanta zai aje ka bakin ƙofa.

Ni kakana ne ya fara kai ni ina ɗan shekara tara, Allah ya jiƙan shi, masunci ne Bakabe na usuli, har yau homarshi da goran da yake hawa cikin ruwa suna rataye a ɗakin babanmu. Ban manta ba muna shiga ya matse man hannu ya ce "kai ɗan nan rage murya, sarakunanmu na kwance a gidan ga", sai ya tsaya ya yi masu addu'a, ni ko a lokacin hankalina duk yana kan takubba da masu da kwari da baka, ga bindigogin toka ga layu ga tambura, ina ta son in taɓa yana janye ni.

Bayan sallar layya na koma da yarana biyu, kuma abin da ya fi burge ni shi kanshi ginin ne, don fada ce ta gaske ba wai an gina don ajiyar kaya ba. Sarki Yakubu Nabame ya gina ta, sarakunan Kabi suka zauna ciki har 1942 da aka koma sabuwar fada, sai a 1958 aka buɗe ta gidan tarihi da sunan Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515. Sashe 11 ne, in za ka bi su a natse kada ka zo da gaggawa. Ka fito daga ranar Argungu mai ƙona ƙeya ka shiga zaure ka ji sanyi ya sauko ma, babu fanka babu komi.

Wanda ya zagaya da mu bai gaji da tambayar yara ba, ƙaramar tawa sai da ta tambaye shi ko Kanta ya taɓa kama giwan ruwa, ya yi dariya ya ba ta labarin yadda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu, bikin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Na ɗan ba shi na goro da za mu fita kuma har zuciyata na ba shi.

Malaman makaranta don Allah ku riƙa kawo ɗalibai, Birnin Kebbi zuwa nan ba wata tafiya ba ce. Babban nawa tun a mota yake cewa "Baba yaushe za mu Surame mu ga ganuwar Kanta", na ce mashi in an yi hutu insha Allahu.