Sola na rikita sensar inji: zoben ferrite ko sauya wa waya hanya?

Idan motarka na da farantin sola a sama, allurar zafin inji na rawa da rana, da dare kuma ta natsu, kada ka yi saurin sayen sabuwar sensa. Lulluɓe farantin da bargo tukuna. In allurar ta tsaya cak, laifin kwantirolar caji ne, wato na'urar da ke daidaita wutar sola kafin ta shiga batir, musamman nau'in MPPT mai kunna wuta da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, abin da ke jefa hargitsi cikin wayar sensa.

Zoben ferrite, wato ɗan zobe mai tace hargitsin lantarki, maƙala shi ake yi a waya dab da kwantirola, minti biyar an gama, ga araha. Sai dai hargitsi mai saurin bugu kawai yake ragewa. A kan kwantirola nau'in PWM, wadda bugunta ke da jinkiri, kusan ado ne.

Sauya wa waya hanya kuwa aikin yini ne. A raba wayoyin sola da na sensa, a murɗe jar waya da baƙar tare, a kai negatif kan batir kai tsaye maimakon ɗaure shi a bodi. Yawancin sensoshin da volt 5 suke aiki, don haka ɗan motsin wuta kaɗan ya isa ya ruɗa kwamfutar mota. Ni sauya hanyar nake zaɓa, ko da mai wayarin zai yi ta gunaguni.